Wasiyyar Da Na Bari A Kan Cinyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ta watan Disamba ba, ranar da na yi sallama da duniya da bakina alhali ko ciwon kirki ban ji ba. Har gobe in na duba madubi na ga tabon da ke saman girata ta dama, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina neman auren Balkisu. Mahaifinta, Alhaji Sumaila, tsohon jandarma ne daga Damagaram, ya daɗe a nan Greensboro ta Amurka, kuma mutum ne da ba ya dariya sai da dalili. Kawuna ya je masa da maganar aure, amsar da ya samo, har da ɗan Faransanci, ita ce: "Bon, a bar ni in ga yaron." Ga kuma wani likita mai gida a unguwar masu kuɗi ta Irving Park yana ta zarya da mota mai numfashi, ni kuwa gyaran kwamfuta nake yi a wani ofis a cikin gari. Balkisu ce ta tsegunta min: "Baba ba a falo yake karantar mutum ba. A filin harbi yake auna shi."

To, ai kuwa na ɗaura ɗamara. Na sayi bindigar harbin nesa mai madubin hange a samanta, na shiga koyo. Duk tsawon lokacin zafi ina fili, daga ni sai 'yar shet, zufa na tsiyaya, ina murɗa saitin madubi har ya zauna daram. Kafin zafi ya wuce ina samun farantin ƙarfe daga yadi ɗari huɗu, ka ji ƙau! Kaina ya kumbura (har abokan aiki na fara ba wa shawarar harbi, mutanen da ba su tambaye ni ba). Da sanyi ya shigo na kulle bindiga na ajiye, domin ni da sanyi ba ma ga maciji.

Sai da sanyin ya kai intaha Alhaji ya aiko in same shi a Summerfield, a gonar abokinsa Mista Dale, wani Bature mai kiwon dawaki da ya tara tudun ƙasa a bayan gonarsa don harbi.

A nan na fara tafka ta. Na ce wa kaina, wa zai je gaban suruki da jaket kamar ɗan acaɓa? Sai na sa suwaita biyu, na ɗora jaket mai kumburi, sannan na zuba babbar riga ta shadda mai sitaci a sama, na kafa hula. Na fito kamar buhun auduga.

Da na isa, ciyawa ta yi fari fat, raɓa ta daskare a kanta. Alhaji yana tsaye da wata 'yar jaket shara-shara. Na durƙusa na gaishe shi da ƙyar, don kayan ba su lanƙwasuwa. Ya kalle ni sama da ƙasa.

"Bakano, ɗaurin aure ka zo ko harbi?"

Na sunkuyar da kai na yi 'yar dariyar yaƙe. Ya ɗauki bindigata ya jujjuya, ya tambayi yaushe na yi mata saiti. Na ce watan Agusta.

"To saitin zafi gare ka," in ji shi. "Cikin sanyi albarushi ba ya ci da ƙarfi, iska kuma ta yi nauyi, harsashi yakan faɗi ƙasa da inda ka saba. Ka ɗan ɗaga saitin. Kuma ka rage tulin kayan nan, gindin bindiga ya samu kafaɗa."

Jama'a, ku ji amsar da na ba tsohon jandarma: "Ai na san halinta, Baba." Ban taɓa saitin ba. Kayan kuwa, ta yaya zan tsaya ina tuɓe riga a gaban mutumin da nake neman 'yarsa? Gara ma bindigar ta kashe ni.

Na kwanta rub da ciki a kan tabarmar harbi, na auna, na danna. Ƙasa ta yi tsalle can gaban farantin, ko kusa ban je ba. Na sake, haka dai. Mista Dale ya yi tari. Alhaji ya harɗe hannuwa yana kallona. Numfashina ya yi yawa, tururin bakina ya rufe madubin, faranti ya ɓace min. Maimakon in dakata in goge, sai na miƙa wuya na manna idona daf da shi. Gindin bindiga kuwa yana can yana iyo a kan shadda mai santsi, kafaɗata ma bai san inda take ba.

Na danna.

Wani haske ya gilma, na ji kamar an maka min taɓarya a goshi. Hulata ta yi nata wuri. Na kai hannu fuska na ji ɗumi, na duba, jini! Ya rufe min ido ɗaya, yana ɗiga a kan farar shaddata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi wata shakka ba, harsashi ne ya dawo ya same ni a ka.

"Wayyo Allah, na harbu! Baba, na mutu!"

Alhaji ya durƙuso ya tallafo kaina. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba saboda kunya, sai ga ni na ɗora kai a cinyarsa, na cukwikwiye masa jaket da hannu biyu. Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Da na ga rai bai fita ba tukuna, sai na ce bari in yi amfani da sauran lokacin.

"Baba, ku gaya wa Balkisu na tafi da son ta. Ku ce mata 'yar kurciyata ta yafe ni (sunan da nake kiranta ke nan a waya, wanda ko ƙawarta ba ta sani ba). Ku ce mata ba na iya barci sai na ji muryarta. Baba, don girman Allah kada ku ba likitan nan, wallahi ba zai riƙe ta kamar ni ba!"

Ina faɗa ina kuka, da majina da komai. Na rufe ido ina jiran Mala'ika.

Shiru. Sai na ji cinyar da kaina ke kai tana girgiza. Na buɗe ido mai lafiyar, na ga Alhaji Sumaila, mutumin da ba ya dariya, yana dariya har da hawaye. Mista Dale ya iso da auduga da filasta, ya goge min goshi, ya ce bakin madubin ne ya sare ni da bindiga ta yi baya, kuma kusan duk maharbi ya taɓa shan irinsa. Yankan bai kai tsawon farce ba.

Wallahi a lokacin na so a ce harsashin ne da gaske. Na zame kaina daga cinyarsa a hankali, na rasa inda zan sa idona. Alhaji ya tsinto hulata ya karkaɗe, ya miƙo min.

"Tashi, Shahidi. Tuɓe rigar."

Na tuɓe, ba musu. Ya sa na murɗa saitin sama kaɗan, na dasa gindin bindiga a kafaɗa sosai, na ja idona baya, na riƙe numfashi. Ƙau! Ko murna ban iya yi ba. Na koma gida ina da tabbacin na rasa Balkisu, don wa zai ba ragon da ya yi masa kuka a cinya 'ya?

Bayan kwana kaɗan kawuna ya kira ni, muryarsa cike da mamaki. Alhaji ya ce a turo. Wai ya ce: "Harbi kam bai iya ba. Amma mutumin da ya ga mutuwa, bai tuna motarsa ba, bai tuna aikinsa ba, sai 'yata, wannan na ba shi."

An ɗaura aure da tabon a girata. Har yau duk Damagarawan Greensboro Shahidi suke kirana, surukata kuma in ta bugo waya sai ta ce, "Ina 'yar kurciyar taka?" Na dai koyi darasi: in sanyi ya shigo ka sake saiti, in babba ya ce ka rage kaya ka rage. In kuma ka ji za ka mutu a gaban suruki, ka tabbatar tukuna kafin ka buɗe baki.