Sallau da Littafin Mutane

A garin Rafin Kanya an yi wani mutum wai shi Sallau, mai faɗin fuska da farar zuciya. Matsalarsa guda ce: yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Tabawa da yayarsa Kulu, mai awara a bakin makarantar firamare. Kulu ce ta yi ta sintiri wurin hedimasta, Malam Tukur, har aka ɗauki Sallau masinja, aka kuma damƙa masa injin fotokwafin da ƙungiyar iyaye ta saya. Sai dai aikin na gwaji ne, zuwa ƙarshen zango. "Ka ɓata wannan," in ji Kulu, "ka koma kiwon awakin mutane." Duk duniya kuwa ba abin da Sallau ya tsana irin awaki.

Wata rana Malam Tukur ya dawo daga bita a sakatariya, kansa cike da maganar haƙƙin mallaka. Ya tara malamai ya ce, "Kowane littafi akwai wanda ya yi gumi a kansa. Malami zai iya ɗibar kaɗan don darasi, amma ba a kwafe littafi sukutum a raba wa yara. Sallau, ka ji ko? Kaɗan." Sallau ya ce, "Kaɗan, ranka ya daɗe." Washegari Malama Hassu ta aji biyar ta aiko da gajeren labarin wani direban gingimari a kwafa wa yara. Sallau ya duba shafin, ya ga rubutu ya yi yawa, sai ya rufe shi da kwali ya bar 'yan layukan sama. Yara suka karanta: mota ta miƙo gangare, kasuwa na gaba, direba ya taka birki ya ji wayam. Daga nan takarda fari fat. Ana tashi tara suka yi dafifi a tagar ofis. "Baba Sallau, direban ya mutu?" Ya ce, "Ni ma ban karanta ba. Ƙarshen na mai littafin ne."

Wata rana, bayan ya gama faɗa kan direba, hedimasta ya ƙara masa doka ta biyu: duk abin da aka ɗauko na wani, a ambaci sunan mai shi. Dokar ta kwanta wa Sallau a rai har ya tafi da ita gida. Aka yi sa'a surukansa sun zo, Tabawa ta yi musu dambu, suna ci suna yabo. Sallau ya gyara murya. "Aikin na Tabawa ne, amma haɗin yajin na Inna Hajjo ne ta bayan katanga. Leƙe aka yi." Tabawa ta janye kwanon daga gabansa ta tura wa ƙaninta.

Wata rana za a yi taron iyaye, Malam Tukur ya ba shi jawabinsa ya buga a raba wa jama'a. To, a gaban Sallau aka haɗa jawabin, kuma ya ga inda aka samo shi. Ya ɗauki biro ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: "Na Malam Isiyaku ne, hedimastan Gidan Dawa. Sunan makaranta kawai aka sake." Sannan ya buga. Malam Tukur na tsaka da karatu, da ɗaga hannu da komai, ya ga kafaɗun iyaye na rawa. Shugaban ƙungiya ya tashi da ladabi ya ce idan an koma a gaida Malam Isiyaku, jawabi ya yi ma'ana. Da aka watse, hedimasta ya kira Kulu. "Albarkacinki zai ƙarasa zangon nan. Amma ya sake yin wata, ya kwashe kayansa."

Wata rana, ana saura mako guda bikin ba da kyaututtuka, Malama Hassu ta zo da shawara. Yaranta sun haddace wani wasan kwaikwayo daga tsohon littafin da ta tsinta a kabad, tana so su yi shi gaban jama'a, a ɗauka a waya a sa a intanet. Malam Tukur ya girgiza kai. "Wannan ya wuce darasin aji, sai da izini. Ina za mu samu izini cikin mako guda? Sai dai in mai littafin ce za ta zo nan ta faɗa da bakinta." Nufinsa a bar maganar, Malama Hassu ma ta gane, ta fita jiki a sanyaye. Sallau kuwa aiki ya ji an ba shi. Ya juya bayan littafin, ya ga sunan Hajiya Gaje da sunan garinsu, ya nufi tasha bai yi wa kowa sallama ba.

Kwana biyu ba Sallau, ba makullin ofis, takardun jarrabawa na jiran bugu. Malam Tukur ya yanke hukunci: an sallame shi. Yana cikin faɗa wa Kulu haka sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar makaranta. Sallau ya sauko, ya taimaka wa wata tsohuwa mai tabarau da sanda.

"Ranka ya daɗe, ga ta. Gwaggo, faɗa masa da bakinki."

Tsohuwar ta ƙare wa hedimasta kallo irin na wadda ta daɗe tana koyar da yara. "Kai ne shugaban? Tun ina aiki na rubuta wasan nan. Ina jin labarin makarantu na yin sa, wasu har sunana suke cirewa, ba wanda ya taɓa sallama a ƙofata. Wannan ya zo ya zauna a zaurena, ya ce ba zai tashi ba sai da ni."

Aka kira yara suka gwada mata. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta gyara wa mai fitowa a matsayin mai gari yadda zai riƙe sanda, sannan ta ce, "Na yarda. Ku yi, ku ɗauka, ku sa sunana. Amma wanda ya tambaya na ba izini. Muddin yana makarantar nan, wasan naku ne."

Malam Tukur ya dubi yaran, ya dubi Kulu da ta harɗe hannuwa tana murmushi, ya ja dogon numfashi.

"Sallau, koma bakin injinka. Amma daga yau, duk umarnin da na ba ka, kafin ka bi shi ka dawo ka tambaye ni."

Sallau ya taka kamar zai tafi, ya tsaya, ya juyo.

"Ranka ya daɗe, in koma?"