Babura Goma Sha Ɗaya

Ni da Rabi muka gina shafin intanet na kiran babur a unguwar Kilomita Biyar. Ta tsara shi tsaf: duk abin da shafin zai riƙe sai an faɗi irinsa, lamba ko rubutu. Na cakuɗa su, shafin ya ja mini jan layi.

Na ce, "Rabi, abin nan naki ya cika tsegumi." Na kashe gargaɗin.

Kawu Sale ya nemi babur ɗaya, ya ƙara ɗaya don Inna. Maimakon ya tara su, shafin ya jera 1 kusa da 1 kamar rubutu. Babura goma sha ɗaya suka cika ƙofar gidansa a Kokoro, kowa na danna hon.

Kafin Kawu ya gama ba su haƙuri Rabi ta gyara, ko harara ba ta yi mini ba. 'Yan babur kuwa, har yau suna hango ni sai su ce, "Patron, mu nawa za mu zo?"