Dabinon Sabil da Haƙorin Makkar Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ciyar da surukata dutse, da hannuna, har ina ce mata bismillah.

Lokacin ina aikin direba a Jidda, muna zaune a Karantina, ni da matata Rabi da yaranmu biyu. A shekarar ce mahaifiyarta, Hajiya Tasalla, ta zo aikin Hajji daga Funtuwa. Ita dama tun asali ban cika mata ido ba. A wajenta ni ne yaron nan mai surutu da ya kwashe mata 'ya ya kai ta bangon duniya. Don haka na ci alwashin sai na wanke kaina. Na lallaɓi kafilina, wato Balaraben da nake wa aiki, ya ara mini tsohuwar motarsa, muka ɗunguma har Makka muka ɗauko ta, don ta kwana wajenmu kafin jirginsu ya tashi washegari.

Muka tarar ta saka haƙorin Makka, sabo fil. Duk hanya murmushi take, ko babu abin dariya.

"Laraba za ta gani," in ji ta. (Laraba maƙwabciyarta ce da ta riga ta sauke farali, kuma tun daga lokacin take haske mata ido da nata haƙorin a kowane bikin suna.)

Muna tsakiyar hanya na'urar sanyaya motar ta ce ga garinku nan. Kafin mu shiga Jidda kowa ya jiƙe sharkaf, yara sai kuka. Kusa da bakin teku na hango wani gini mai ƙofar gilashi, an rubuta ana nunin zane-zane, shiga kyauta. Ni sanyin ciki nake so, ina ruwana da zane. Amma sai na gyara murya na ce, "Hajiya, dama nan na shirya kawo ku."

Muna shiga gabana ya faɗi. Hoton farko raƙumi ne da kan kifi. Na biyu buta ce mai ƙafafun mutum, tana gudu. Ga wata ƙofa tsaye ita kaɗai a tsakiyar ɗaki, ba bango ba komai, da idanu a jikinta suna kallonmu.

"Innalillahi! Rabi, rufe wa yaran nan ido," in ji Hajiya. "Baban Hanan, wannan aikin mutum ne ko na mutanen ɓoye?"

Mai hankali zai ce bai sani ba. Ni kuwa na ce, "Ai Hajiya raƙumin ruwa ne, akwai su a Bahar Maliya." Rabi ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Can a lungu sai na hango abin da na gane a ƙarshe: darduma a shimfiɗe, da butar gahawa, da ƙananan kofuna, da faranti cike da dabino yana sheƙi. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san sabil. Masu hali kan ajiye ruwa da dabino don baƙin Allah, kowa ya ɗauka, babu mai tambaya. (Gaskiya ne hannun butar kunnen mutum ne, kuma rabin dardumar ya hau bango. Gaskiya ne kuma an kewaye wajen da jar igiya. Na ɗauka don kada yara su yi wawaso ne.)

Na tsallake igiyar na ɗauko farantin.

"Baban Hanan, ka tabbata kuwa?" in ji Rabi.

"Shekarata nawa a ƙasar nan?" na ce mata.

Na ji farantin da nauyi, na ce a raina dabinon manya ke nan. Da ni kaɗai ne da tuni na jefa ɗaya a baki, asiri ya tonu a kaina. Amma wane ɗan mutunci ne zai ci abu a gaban surukarsa? Na durƙusa, na miƙa da hannu biyu, na sunkuyar da kai.

"Bismillah Hajiya, sabil ne. Ku zaɓi babba."

Ban ga abin da ya faru ba, tunda kaina na ƙasa. Ji kawai na yi: ƙaras! Sai kuma wani ɗan ƙaramin abu ya faɗi a daɓe, ya gangara.

Mai gadi ya taho a guje yana ɗaga hannu. "La, la, ya Hajja! Hada hajar! Mamnu!" Wai dutse ne, mai zanen ne ya sassaƙa ya shafa masa launi, kuma haramun ne a taɓa.

Na ɗago. Hajiya ta toshe baki da mayafi, idanunta sun firfito. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na bi daɓe da rarrafe ina neman haƙori, Rabi tana salati, mai gadi yana bina yana cewa, "Fen iƙama?" wato ina takardar izinin zamana. Na duba ƙarƙashin kujera, na duba bayan ƙofar nan mai idanu. Daga ƙarshe na same shi a manne a ƙasan takalmina, ya baje kamar marfin kwalba. Mai gadin da ya gani sai dariya ta ƙwace masa, ya ce, "Halas, yalla," ya nuna mana hanyar fita.

Muka garzaya kasuwar Balad wajen mai saka haƙori. Ya leƙa bakinta ya girgiza kai. Ainihin haƙorin da aka ɗora zinariyar a kai ma ya karye, dasashi ya kumbura, ba za a iya saka wani ba sai bayan sati. Ga jirgi gobe.

Washegari muka raka Hajiya filin jirgi. Sai da za ta shiga ta juyo, mayafi a baki, ta ce, "Allah ya yi albarka, Baban Hanan. Kowa ya zo Makka ya koma da haƙori. Ni na baro biyu, na Makka da wanda Allah ya ba ni."

Na ce amin, don ban san me kuma ake cewa ba.

Abin da na koya shi ne, kunyar suruka dole ce, amma in kai ne mai miƙa faranti, ka juya baya ka ɗan ciza tukuna. Gara a ce maka marar kunya da a ce kai ne ka yi wa uwar matarka giɓi.