Shaidar Wanda Ya Rufe Ido a Sama

Jama'a, ranar Talatar nan saura ƙiris ku huta da surutuna. Ni da nake cika baki a wannan shafi cewa ba na tsoron kowa sai Allah, ashe akwai sauran bayani.

Ƙanin matata, wanda muke kira Shirwa, matuƙin wani ɗan jirgi ne mai kujera huɗu, yana ɗaukar wa masu awon filaye hoto daga sama. Shekara biyu yana cewa, "Yaya, zo in zaga da kai," ni kuma kullum aiki ya yi mini yawa. Ran nan motata ta yi kwana biyu a layin mai, sai na ce bari in hau sama in ga inda layin nan ya ƙare.

Uwar yara ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai an kira maƙwabci ya hau tsani?"

Na ce mata namiji ba ya janye magana a gaban surukai. Baki dai shi ke yanka wuya.

Filin jirgin ƙarami ne, a bayan gari, amma hasumiyarsa sabuwa fil, fenti na ƙyalli. Bara Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanka mata ƙyalle, har ni na yaba masa a nan, ku yafe mini. A cikinta akwai wani dattijo da ya shekara talatin yana ba jirage hanya ta rediyo.

Muka tashi lafiya. Shirwa ya maƙala mini abin magana a kunne, na hango layin mai ya miƙe kamar jerin tururuwa, har na fara jin kaina wani babba. Da muka juyo za mu sauka, ya kira hasumiya. Shuuu. Ya sake kira. Shuuu. A na uku ya ce, "Yaya, rediyonsu ya sake ɗaukewa. Duba mini dama, ni ina duba hagu."

"Ya sake?" na ce.

Wannan kalma ita ta gama da ni. Aiki ɗaya tak aka ba ni a rayuwata ta sama, in duba dama. Na runtse ido gam.

Sai na ji Shirwa ya yi salati, jirgin ya yi ƙasa da hanci. Wata ƙara ta wuce ta kanmu kamar an yaga sama biyu, ashe wani jirgi ne, saura ƙiris mu yi karo. Na nemi gafarar duk wanda na taɓa zagi a jarida, na yi alkawarin ajiye biro in koma kiwon kaji. Na manta abin maganar na bakina, duk Shirwa na ji.

Ɗaya jirgin na wani Uban Masu Hali ne, yana dawowa daga duba gonarsa. Da muka sauka, ya fito yana huci. "Wa ya ba ku izinin shiga hanyata?" Kai ka ce a gado ya sami sararin samaniya. Dattijon hasumiya ya sauko da gudu, da waya a hannu. Ashe da rediyo ya mutu, lambar matuƙan ya yi ta bugawa, ana ce masa ba a samunsu. Ya nuna mini kwafin wasiƙu bakwai da ya rubuta yana roƙon a gyara rediyon. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Ranar Alhamis aka zo da kwamiti, mutum tara, kowa da ruwan gora a gabansa. Tun kafin su zauna an ji ƙishin-ƙishin cewa sun gama gano mai laifi: dattijo ya yi barci a bakin aiki, za a kore shi saura wata takwas ya yi ritaya. Aka kira ni shaida.

Shugaban, Gwanin Binciken Duniya, ya gyara tabarau. "Malam marubuci, me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ban ga komai ba."

"Madalla," in ji shi, ya fara rubutu.

Da na yi shiru a nan, da mutuncina ya tsira. Amma dattijon na zaune a gefe, ya ƙura wa takalmansa ido.

"Idona a rufe yake, ranka ya daɗe. Amma kunne ba shi da marfi. Sau uku aka kira, rediyon ne bai kawo ba. Ga wasiƙu bakwai can a aljihun bawan Allah, a karanta."

Shirwa ya juyo a gaban kowa. "Yaya, wato daman ma ba ka duba ba?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Shekara goma ina rubuta cewa manya sun rufe ido, ga shi an kama ni dumu-dumu. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu.

Dattijo dai bai rasa aikinsa ba. An ba shi takardar gargaɗi saboda bai rubuta wasiƙa ta takwas ba. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Rediyo kuma an miƙa shi ga ƙaramin kwamiti. Shirwa ya kai wa yayarsa labarin kiwon kaji, yanzu ko shayi ta kawo mini sai ta tambaya ko na sayi keji.

A ƙarshen zama, masu girma sun tabbatar wa jama'a cewa filin lafiya lau yake, kowa ya hau jirgi hankali kwance. Uban Masu Hali ya ce ga jirginsa nan, ya mayar da su gida cikin minti arba'in. Suka yi godiya ƙwarai, suka shiga mota su tara, tafiyar awa shida.