Yadda Za Ka Ƙera Murhun Banda a Jikin Katangar Yayanka

Idan kana sha'awar naman da hayaƙi ya ratsa a hankali har ya yi laushi, kuma kana son a ce da hannunka ka ƙera murhun ƙarfen, to kakarka ta yanke saƙa. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. An gwada ta a kan mutum guda, wani tsohon direban bas, kuma har yau yana nan da ransa. Bi sawunsa kawai.

Mataki na 1: Ka rasa abin yi

Nan ne tushe. Direba ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari. Da ya ajiye aiki sai ya tarar gidan yana tafiya lafiya lau ba tare da shi ba. Ya gyara famfon da bai lalace ba. Ya shiga koya wa matarsa jera tukwane a kicin ɗin da ta yi furfura a cikinsa.

"Malam, don girman Allah ka samo abin da zai ɗauke maka hankali," in ji ta, tana karɓe ludayi daga hannunsa.

Ran nan ya ga wani a waya yana bandar nama a cikin duro. Kai ma nemi irin wannan bidiyon. Kada ka kalla har ƙarshe, gwani ba ya buƙata.

Mataki na 2: Samo duro

Je wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Zaɓi duro mai kauri, da bututu, da ragar ƙarfe ta ɗora nama. Ƙwanƙwasa duron ka kara kunne, ka gyaɗa kai. Ba abin da za ka ji, amma mai kaya zai shiga taitayinsa.

Mataki na 3: Zaɓi wurin aiki

Kana buƙatar inda ba mai ganin kuskurenka. Direba ya zaɓi lungun da ke tsakanin bayan kicin da katanga.

Katangar nan tana da tarihi. Gida ɗaya ne a da. Bayan rasuwar mahaifinsu aka raba shi tsakanin Direba da Yayansa, wani tsohon malamin makaranta, aka yi ta sa-in-sa a kan inda layi zai bi. Aka gina katanga, magana ta mutu. Shekaru suka shuɗe, ko a hanya suka haɗu sai kowa ya tuna yana da abin dubawa a waya. Matansu kuwa suna hawa tsani suna miƙa wa juna gishiri da labari ta saman katangar, ba ruwansu.

Mataki na 4: Yi walda da kanka

Ari inji wurin mai walda. Idan ya haɗa maka da gilashin kare fuska, ka ce kana da naka. Direba tabarau ɗinsa na tuƙi ya sa. Ya yanka wa duron murfi, ya liƙa masa ƙafafu, ya jona akwatin wuta a gefe, ya kafa bututu a sama. Washegari ya tashi idanu jawur kamar an watsa masa yashi.

"Me ya sami idon?" matarsa ta tambaya.

"Haka yake yi wa kowa a farko."

Ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora masa, ta fita waje ta yi dariyarta a can. Irin wannan mace ake nema.

Mataki na 5: Kada ka auna bakin lungun

Awo na masu shakka ne. Sai da Direba ya gama, ya shafa baƙin fenti, ya ja murhun zai fitar da shi tsakar gida, sannan ya ga akwatin wutar ya fi bakin lungun faɗi. Ya karkata shi. Ya juya shi. Murhu ya ce nan aka haife ni, nan zan zauna.

Idan haka ta same ka, ka ce dama nan ka nufa.

Mataki na 6: Kunna wuta

Zuba gawayi, ɗora busasshen itace, jera naman, rufe murfi. Yanzu ɗaga kai ka ga inda bututun ya kalla. Na Direba ya ɗan sunkuya, bakinsa saitin tagar ɗakin Yaya.

Ba a jima ba aka ji tari daga can. Sai ƙarar jan tsani. Sai ga kan Yaya a saman katanga.

"Auta."

Rabon da a kira shi da wannan suna tun mahaifiyarsu na da rai. Direba ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Na'am, Yaya."

"Bututun nan naka ɗakina yake kallo."

"Iska ce, Yaya."

"Iska ba ta walda." Ya leƙo murhun ta saman tabarau. "Kuma wutar ta yi yawa. Banda kake yi ko ƙona shara?"

Kan ya ɓace. Direba na tsaye yana shirya amsar da zai bayar, sai ya ji sallama a ƙofar gida. Yaya ne, da kujerarsa a hannu.

Mataki na 7: Jira

Banda ba ta son gaggawa, wuni guda take ci. Lungun kuwa ba ya ɗaukar mutum biyu sai gwiwa na gugar gwiwa. Yaya bai taɓa yin bandar ko da kifi ba a rayuwarsa, amma ya ba da umarni a rage gawayi, a ƙara gawayi, a rage kuma. Direba ya yi ta bi.

Da Yaya ya miƙa hannu zai gyara itace, sai Direba ya ga agogon Yaya na zamewa har tsakiyar dantse.

"Yaushe ka rame haka?"

"Tun da aka yi mini aiki."

"Wane aiki?"

"Na ciki. Na daɗe a asibiti." Yaya ya ci gaba da tona garwashi. "Matarka ce ke kai mini abinci. Ni na hana ta gaya maka."

Direba ya waiga. Labulen tagar kicin ya motsa, ya koma daidai.

A nan ne za ka ɗaga murfi, ko da ba lokacinsa ba ne, ka sa fuska cikin hayaƙin sosai. Duk wanda ya ga idonka ya san dalili.

"Rufe, zafin na fita," in ji Yaya, yana goge nasa tabarau da bakin riga.

Mataki na 8: Ci abin da ka samu

Da la'asar aka sauke. Bayan naman baƙi ƙirin, cikinsa kamar tayar bas, ga ɗan ƙamshin fenti. Matar Yaya ta zagayo, matan biyu suka ɗanɗana, suka yaba, suka shige kicin suka soya ƙwai.

Yaya ya daɗe yana tauna da ragowar haƙoransa.

"Bai yi ba," ya ce.

"Bai yi ba, Yaya."

"Gobe ka sayo wani. Mai ɗan kitse. Ni zan riƙe wutar."

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da alhakin girar da ta babbake, ko shanyar maƙwabta da ta koma warin hayaƙi, ko haƙorin da ya tafi tare da nama. Haka nan babu ruwansa idan ka wayi gari da baƙon kullum, mai shan shayinka yana kushe shi. Idan kuma ka ji Yayanka a bakin titi yana gaya wa jama'a cewa shi ya tsara murhun tun daga farko, kai ƙarfe kawai ka riƙe masa, kada ka kawo ƙara nan. Direba yana tsaye a wurin aka faɗa, aka juyo aka tambaye shi, ya ce haka aka yi.