Dutsen Kaka Ladi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata tsohuwa ta tona mini asiri a gaban jama'a, kuma da gaskiyarta.

Muna shekarar ƙarshe ta karatun zanen gine-gine a makaranta a Zuru aka ce za a gyara wani gidan kula da tsofaffi na coci. Malaminmu ya ba kowa tsoho ɗaya: ka tambaye shi yadda yake son ɗakinsa, ka zana, ka yi bayani gaban kwamiti. Wanda ya faɗi, sai ya maimaita kwas ɗin.

Ni Kaka Ladi na samu, 'yar garin Manga. Sau uku na je. Kullum in durƙusa, in motsa leɓe, kunya ta hana ni tambayar, sai in zaro tef in hau awo (bangon nan ya sha awo har ya gaji). Daga ƙarshe na cike takardar tambayoyin da aka ba mu da kaina. Akwai wani ƙaton dutse gefen gadonta. Littafi ya ce irinsa na kayar da tsofaffi, don haka na rubuta: "A cire."

Ranar bayani, ashe har tsofaffin aka gayyato. Sai ga Kaka zaune a layin gaba. Na ɗaga takarda na karanta: "Kaka Ladi ta nemi a fitar da dutsen."

"Wa?" in ji ta. "Ni?"

Ta juya ga 'yan kwamiti.

"Dutsen niƙan uwata ne, a ka na ɗauko shi daga Manga. Shi nake dafawa in tashi kullum da safe. In kun fitar da shi, ku haɗa da ni." Sai ta ƙare mini kallo. "Ke ɗiyata, ashe kina magana? Na zaci bebiya ce aka turo mini. Har addu'a na sa aka yi miki ran Lahadi!"

Wani tsohon soja ya yi dariya har da tari. Malam bai yi ba.

"Sati ɗaya," ya ce. "Ki bar tef ɗin a gida."

Na koma, na tambaya, ta yi awa biyu tana amsawa. Na ci kwas ɗin da ƙyar, dutse na nan inda yake. Tun daga ranar, kafin in auna ɗakin mutum sai na buɗe baki, ko don kada a sake kai sunana coci.