Lamba Huɗu a Tafin Ƙafata

Ba zan taɓa mantawa da ranar ƙunshin Rabi ba, kuma ko na so in manta, matan Ruwan Bago ba za su bar ni ba.

Ni da Rabi tare muka tashi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, tare muke zuwa roron gyaɗa, tare aka sa mu firamare, tare aka zane mu ranar da muka bar tumakin Baffanta suka shiga gonar mutane. Saboda haka da aka sa ranar aurenta da wani tela a Unguwar Hajji ta Karaye, ban ma tsaya tambayar wace ce babbar ƙawa ba. Ni ce mana. Ni zan riƙe mata jaka, ni zan zauna kusa da ita a mota ranar kai amarya. Har gefen da zan zauna na zaɓa a raina.

Sai ga Nafisa.

Rabi ta yi shekara uku tana karatun malanta a Kano, ni ina gida a kan keken ɗinki. A can suka haɗu, ɗaki ɗaya suka zauna. Ana jibi ɗaurin aure yarinyar nan ta sauka daga babur, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, mahaifiyar Rabi, kafin a jima ta tuɓe mayafi ta kama wanke-wanke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta da wani aibu. (Na duba. Wallahi na duba sosai.) Ga su da wata dariya tasu da ban san tushenta ba. Ɗaya za ta ce, "Kin tuna ranar waken nan?" sai su kwashe da dariya har da riƙe ciki, ni ina gefe ina yaƙe kamar na san waken.

Washegari bayan azahar muka baje a tabarma a tsakar gida, mu biyar: ni, amarya, Nafisa, da ƙannen Rabi biyu. Talatu mai lalle ta fara da ƙafafu, ta shafe wa kowa tafin ƙafa da jan lalle ta ɗaure da leda. Da ta zo kaina, ta gama shafawa ke nan sai ledar ta ƙare.

"Ki ɗora su a kan kujerar nan," in ji ta, ta turo mini 'yar tsugunno. "Kar ki bari su taɓa ƙasa. Yanzu zan ɗauko leda a gida."

Talatu kuwa in ta ce yanzu, sai ta gaisa da rabin gari.

Muna zaune ba mai iya motsi, sai Nafisa ta zuge jakarta ta fito da wasu katuna da ta yanka da hannunta daga kwali, ta rubuta musu lamba daga ɗaya zuwa hamsin. Gwaggo Lami, ƙanwar baban Rabi, tana tsince shinkafa a bakin madafi, ta ɗago kai.

"Karta a gidan biki? Caca za ku yi mana?"

"A'a Gwaggo, da shi nake koya wa ɗalibaina ƙirga," in ji Nafisa. "Wannan ba mai cin wani. Ko mu ci gaba ɗaya, ko mu faɗi gaba ɗaya."

Ta yi mana bayani. Kowa za a ba ta kati huɗu, ta ɓoye abinta, sauran a kife su gefe. Sai mu riƙa ajiyewa a tabarma daga ƙarami zuwa babba. Ba layi, duk wadda ta ji nata ne ya fi ƙanƙanta sai ta ajiye. Ba a faɗin lamba, amma kina iya cewa "ku jira ni" ko "nawa manya ne". In wata ta ajiye kati alhali akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta a hannun wata, sai mai shi ta nuna, an faɗi ke nan. In katunan duka ashirin suka sauka a jere, mun ci.

"Kai, Nafisa akwai basira!" in ji Rabi.

To wannan kalmar ce ta jawo komai. Ni da na ɗinka mata kayan fitar biki kala uku ban ji an ce ina da basira ba, sai mai yanka kwali. Nan take na gano inda wasan yake da ƙofa: idan na riƙe ƙaramin katina na yi shiru har Nafisa ta ajiye nata, ita ce za ta zama mai gaggawar da ta kayar da mu.

Zagayen farko ina da sha ɗaya. Na ƙunshe shi, na ɗaure fuska kamar mai lissafi. Nafisa ta duba kowa, ta ajiye sha biyar. Na jefa nawa ina salati. "Kash! Da kin ɗan jira!"

"Laifina ne, na yi sauri," in ji ta, tana murmushi.

Rabi ta dafa hannunta ta ce ba komai. Wato ni na yi aikin, ita ta samu lallashi.

Zagaye na biyu na maimaita, da ashirin da uku. Aka sake faɗuwa, Nafisa ta sake ba da haƙuri. Amma zuwa lokacin Gwaggo Lami ta jawo farantin shinkafarta kusa da mu, wasan da ta kira caca ya shiga ranta. Ta kalle ni ta ƙasan ido.

"Ke kuwa kullum a hannunki ƙaramin yake kwana?"

Mai hankali da ta tsaya a nan. Ni kuwa da aka raba na uku na ga lamba huɗu a hannuna, sai na ji daɗi har cikin raina. Aka yi tsit, kowa tana jiran mai ƙarami. Nafisa ta koyi darasi, ta ƙi motsi.

"Mai ƙarami ta fito mana," in ji Rabi.

"Ni dai nawa duk manya ne," na ce, da bakina, a gaban shaidu.

Na ga hannun Nafisa ya fara zaro kati. Kafin ta ajiye, sai Rabi ta riga ta, ta dangwarar da tara.

In na nuna huɗun nan, amarya na kayar, kuma kowa ta ji ƙaryar da na yi yanzun nan. Ina cikin wannan hali sai akuyar Inna ta tura kai cikin ƙullun waina, Gwaggo ta yi ihu, kowa ta juya. Na saki katin a ƙasa, na sauke ƙafar dama a kansa na danne. Lallen da ke tafin ƙafar kuwa, ko tuna shi ban yi ba.

Daga nan wasa ya tafi sumul, tunda mai ɓata shi ta tuba. Kati na bin kati har na ƙarshe ya sauka. Ƙannen Rabi suka yi ta tafi, Gwaggo Lami ta rangaɗa guɗa, Rabi ta rungumo ni da hannu ɗaya, Nafisa da ɗayan. Ni ina dariya, ƙafata tana nan daram a ƙasa.

Sai Nafisa ta fara tattara kayanta tana ƙirgawa. (Malaman makaranta ba sa iya ganin abu su bar shi bai ƙirgu ba.)

"Sha tara ne. Saura ɗaya."

Aka ɗaga gefen tabarma, aka kakkaɓe zannuwa, aka duba cikin farantin shinkafa.

"Ko akuyar nan ce ta cinye?" na ce. Allah ya yafe mini, har baiwar Allah akuya na yi wa ƙazafi.

Daidai nan Talatu ta yi sallama da leda a hannu. Idonta bai sauka ko'ina ba sai a ƙafata.

"Ke! Wa ya ce ki sauke ta? Kin ɓata mini aiki!"

Kafin in buɗe baki ta cafki idon sawuna ta ɗaga sama, yadda kowa zai gani. Ga katin nan manne a tsakiyar tafin ƙafata, lambar tana kallon jama'a.

Gwaggo Lami ba ta yi boko ba. Ta matso ta ƙura ido. "Lamba nawa ce wannan?"

"Huɗu ce, Gwaggo," in ji ƙaramar ƙanwar Rabi.

"To huɗu ba ta fi tara ƙanƙanta ba?"

Na ce faɗuwa ya yi. Talatu ta ce lallai, kati ya faɗi, ƙafa ta bi shi jaje. Tsakar gida ta kaure da dariya, har masu tuyar waina suka baro kasko. Nafisa ta yi ta cewa, "Ai wasa ne, ku bar ta," wanda ya fi dariyar zafi a wurina. Rabi kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta kalle ni ta ce a hankali, "Ke ce fa kika ce naki duk manya ne."

Bayan la'asar ta same ni a bayan rumbu, inda na je na ɓuya da ƙafa cikin leda.

"Me Nafisa ta yi miki?"

"Ba komai."

"To ni me na yi miki?"

Sai kawai na ji hawaye, na ji bakina yana cewa, "Wa zai zauna kusa da ke a mota gobe?"

Ta yi sororo tana kallona. "Gwaggo Lami da Gwaggo Asabe mana. Tun watan jiya suke rigima a kan wadda za ta zauna a dama. Ku ƙawaye ai a bas za ku." Ta juya za ta tafi, ta tsaya. "Jakata kuma tun ranar da aka sa rana na ce wa Inna ke za ki riƙe. Amma sai kin je kin ba baƙuwata haƙuri."

Na je na ba Nafisa haƙuri, ina kallon ƙasa.

Da aka wanke lallen, tafin ƙafata ya yi ja jawur, ban da wani fili mai kusurwa huɗu a tsakiya, daidai girman kati, inda kwalin ya kwashe lallen. Talatu ta ƙara shafawa, amma shatin ya ƙi ɓacewa. Haka na shiga bas zuwa Karaye, jakar amarya a cinyata, Nafisa a gefena, wata tukunya tana dukan gwiwata a kowane rami. Wajen rabin hanya ta zaro safa daga jakarta ta miƙo mini. Girman kai ya sa na ce zafi nake ji.

A ɗakin amarya dole aka tuɓe takalma. Muka zauna a ƙasa, na manta na miƙe ƙafa. Rabi tana bakin gado cikin lulluɓi tana kukan rabuwa da gida, kanta a sunkuye, kuma abin da ke gaban idonta shi ne tafin ƙafata. Sai na ga kafaɗunta sun fara rawa da ƙarfi. Gwaggo Lami ta rungume ta tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, kowa da haka ta saba." Ni da na san Rabi tun muna roron gyaɗa, na san wannan ba kuka ba ne.

Na miƙa wa Nafisa hannu ta baya, ta danƙa mini safar.

Har yau katin yana cikin katunanta, da jan tabo a bayansa, ɗalibanta duk sun san lamba huɗu ce tun daga nesa. Ni kuwa abin da na koya shi ne, kafin ki yi kishin kujera, ki fara tambaya ko ba gwaggo ce za ta zauna a kai ba. In kuma an ba ki safa, ki karɓa tun a mota.